Kodo, makaɗan tsibirin Sado: tambayoyi da amsoshi kan rayuwarsu da yawon duniyarsu

Duk wanda ya taɓa cin karo da bidiyon wasu Japanawa suna dukan wata shirgegiyar ganga da sanduna masu kaurin damtse, gumi yana zuba, jikinsu duk jijiya, akwai yiwuwar Kodo ya gani. Mutane da dama sun tsaya a nan, suna ɗauka ƙarfi ne kawai. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin zaman da ya haifar da wannan kiɗa, da yadda ƙungiyar da ta zaga duniya ta ƙi barin ƙauye. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Su wane ne Kodo?

Ƙungiyar makaɗa ce ta ƙasar Japan, mazauninta tsibirin Sado da ke lardin Niigata, a cikin Tekun Japan. An kafa ta a 1981, kuma a shekarar ta fara fitowa gaban duniya a bikin fasaha na birnin Berlin. Babban abin kiɗansu shi ne taiko, wato gangar Japanawa, amma suna busa sarewar gora, suna kaɗa ƙananan kuge na tagulla, suna rawa, suna waƙa. Sunan Kodo yana ɗauke da ma'ana biyu a Japananci: bugun zuciya, da kuma 'ya'yan ganga. Daga 1981 zuwa yau sun yi wasa sau dubbai a ƙasashe fiye da 50.

Wannan kiɗa tsoho ne, ko sabon abu ne?

Gangar tsohuwa ce, salon kuwa sabo ne. An tono wani mutum-mutumin yumɓu na ƙarni na 6 a lardin Gunma, yana rataye da ganga, wanda ya nuna daɗewarta a ƙasar. An yi amfani da ita a fagen yaƙi, a wuraren bauta, a fadar sarki, a wasan kwaikwayon gargajiya na noh da kabuki, a roƙon ruwa da bukukuwan kaka. Amma a duk waɗannan wurare ganguna kaɗan ne, suna rakiyar wani abu daban.

Tara ganguna manya da ƙanana a dandamali ɗaya, a mai da su su ne wasan gaba ɗaya, wannan ya faro ne a 1951. Wani makaɗin jaz mai suna Oguchi Daihachi, a yankin Suwa na lardin Nagano, shi ya jera ganguna masu murya daban-daban ya raba wa mutane, kowa da nasa bugun. Ƙungiyarsa ita ce Osuwa Daiko. Daga baya Sukeroku ta fito a Tokyo a 1959, gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964 kuma ta ƙara fito da salon. Saboda haka in ka ji ana cewa wasan Kodo ya shekara dubu ana yin sa haka, an yi ƙari.

Yaya aka yi ƙungiyar ta samu?

Kafin Kodo akwai Ondekoza. Wani mutum mai suna Den Tagayasu, wanda ya yi gwagwarmayar ɗalibai a Tokyo sannan ya yi yawo cikin karkarar Japan, shi ya kira matasa zuwa wata makarantar bazara a Sado a 1970. Ya tasirantu da masanin al'adun karkara Miyamoto Tsuneichi, kuma abin da ke damunsa shi ne yadda matasa ke kwararowa birane suna barin sana'o'in hannu da wasannin ƙauye suna mutuwa. Burinsa a gina makarantar sana'o'in gargajiya a tsibirin. Kiɗa hanya ce ta tara kuɗin ginin: a zaga duniya da ganga, a dawo da abin da aka samu.

Matasan da suka amsa kiran, yawancinsu 'yan birni ne da ba su taɓa riƙe sandar kiɗa ba. Suka zauna gida ɗaya, ba albashi, ba giya, ba taba, gudu safe da yamma kamar masu shirin gasa. A 1975 suka je Amurka suka shiga gudun fanfalaki na Boston, kilomita 42 da 'yan kai, suna isa ƙarshen layi suka hau kan babbar gangarsu suka fara duka. Wannan ya sa sunansu ya bazu. A 1976 suka yi wasa da ƙungiyar kaɗe-kaɗe ta Boston ƙarƙashin jagorancin Ozawa Seiji, da kiɗan da Ishii Maki ya tsara.

Sai saɓani ya shiga tsakanin Den da yaransa, musamman da hankalinsa ya koma kan shirya fim. Ƙarshenta ya bar Sado, ya tafi da sunan Ondekoza da gangunan. Waɗanda suka rage suka tsaya a tsibirin hannu rabbana, suka nemi sababbin ganguna, suka ɗauki sunan Kodo, Kawauchi Toshio ya zama jagoransu. Hayashi Eitetsu, wanda shi ne gwanin babbar ganga a lokacin, ya ɗan zauna da su kafin ya kama gabansa ya zama makaɗi mai zaman kansa. Kawauchi bai yi tsawon rai ba, ya rasu a hatsarin ruwa a ƙasar Filifin a 1987, shekara ɗaya kafin a buɗe ƙauyen Kodo da ya yi mafarkin ginawa. Ondekoza kuwa tana nan har yanzu, ƙungiya ce daban.

Me ya sa suka zauna a Sado, ba Tokyo ba?

Tambayar da ta fi dacewa a yi ke nan, domin ta fuskar kasuwanci zaman Sado wahala ne. Daga tashar Niigata zuwa Ryotsu, babbar tashar tsibirin, jirgin ruwa na ɗaukar wajen awa biyu da rabi, ƙaramin jirgi mai sauri kuma kamar awa ɗaya. Daga nan sai a sake shiga mota zuwa Ogi, can kudu maso yamma, inda ƙauyen Kodo yake a cikin daji tun 1988. Da hunturu iska mai sanyi tana kaɗowa daga wajen Saiberiya, teku ya yi fushi, wani lokaci a soke tashin jirage. Kowace tafiya sai an tsallaka da kaya ta ruwa.

Amma Sado ba tsibirin banza ba ne. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 855. A zamanin da, nan ake kora waɗanda suka saɓa wa masu mulki: Sarki Juntoku a 1221, malamin addinin Buddha Nichiren a 1271, da Zeami, uban wasan noh, a 1434. A 1601 aka gano zinariya a Aikawa, mutane suka yi ta zuwa daga ko'ina, ma'adinan bai rufe ba sai 1989, kuma a 2024 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Jiragen fatake da ke bin gaɓar Tekun Japan suna yada zango a Ogi, suna kawo kaya da waƙoƙi da raye-raye. Duk wannan ya taru ya sa tsibirin ya cika da al'adu: dandamalin noh sama da talatin a ƙauyuka, manoma ne ke wasan, ga kuma onidaiko, rawar da ake yi da fuskar dodo da ganga, gida-gida, kusan kowane ƙauye da irin tasa.

Sannan akwai dalili mai sauƙi: a birni maƙwabta ba za su bar ka ka doki irin wannan ganga daga safe zuwa dare ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne sun zauna alhali kowa na tafiya. A 1950 mutanen Sado sun haura 125,000, yanzu suna wajen 50,000, da yawansu tsofaffi. Makarantu suna rufewa saboda rashin yara. A irin wannan wuri, samun matasa masu zuwa su zauna, su yi aure, su haihu, su shiga aikin gayya da bikin ƙauye, ba ƙaramin abu ba ne.

Kiɗan gado ne a wurinsu? Yaya mutum ke shiga?

Ba gado ba ne. Ɗan ma'aikacin banki da 'yar manomi duk ƙofa ɗaya suke bi: makarantar koyo ta shekara biyu. Tana Kakinoura, a gaɓar gabashin tsibirin, cikin wata tsohuwar makarantar katako da aka rufe, a kan tudu mai kallon teku. Ana ɗaukar matasa maza da mata bayan tantancewa, sababbi suna shiga a watan Afrilu.

Zaman ba wasa ba ne. Ana tashi tun duku-duku, a yi shara, a goge daɓen katako da tsumma a durƙushe, a fita gudu a hanyar bakin teku da hawan dutse. Ba wayar hannu, ba intanet, ba talabijin, ba giya, ba taba, ba soyayya. Mai son gaisawa da gida sai ya rubuta wasiƙa. Girki ana yin sa bi da bi, wanda ranarsa ta zo shi zai ciyar da kowa, ko ya iya ko bai iya ba, a hankali zai iya. Ginin tsoho ne, da hunturu sanyi na shiga ta ko'ina.

Daga cikin ayyukan farko da ake ba sabon shiga akwai sassaƙa 'yan sandunan cin abincinsa da kansa, sannan sandunan kiɗansa. Ana ba shi itace mai kusurwa huɗu, ya yi ta fera yana gogewa har ya zama mulmulalle daidai tafin hannunsa. Ana kuma sa su cin abinci da hannun da ba su saba da shi ba, don hannu biyun su daidaita a kan ganga. Makonnin farko tafin hannu bororo ne, ya fashe, ya warke, ya sake fashewa, har ya yi kanta.

Bayan shekara biyu sai a zaɓi kaɗan su zama 'yan gwaji na shekara guda, suna bin manya rangadi. Wanda ya tsallake wannan shi ne cikakken ɗan ƙungiya. Da yawa ba sa kaiwa. Wasu sukan koma garuruwansu su buɗe nasu ƙungiyoyin, wasu su tsaya a Sado su kama wata sana'a.

To me ya haɗa noma da shan shayi da kiɗa?

Masu koyo suna noman shinkafa da hannu, daga shuka zuwa girbi, suna noman kayan lambu, suna taya manoman yankin aikin gonar 'ya'yan itace. Suna koyon ladubban haɗa shayi na gargajiya, da wasan barkwanci na gargajiya mai suna kyogen, da rawa, da waƙa. Da bikin ƙauye ya zo, dattawan wurin ne ke koya musu onidaiko, su ma su shiga sahu kamar 'yan gari.

Hikimar a bayyane take. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗen gargajiyar da Kodo ke yi manoma da masunta ne suka ƙirƙiro su, kuma tsayuwar makaɗin, yadda yake sauke ƙugu ya buɗe ƙafa ya kafa ta a ƙasa, daga jikin mai aikin gona da mai jan taru ta fito. Yaron da ya tashi a kan kujera a birni ba shi da wannan jikin, sai an gina masa. Na biyu kuma, mutanen da za su shafe wata biyu a mota ɗaya da masauki ɗaya, kuma su hau dandamali su buga tare ba tare da mai ba da umarni a gabansu ba, dole su san numfashin juna. Wanda ya wanke tukunya da kai shekara biyu ya san lokacin da za ka ɗaga hannu.

Waɗanne irin ganguna suke amfani da su?

Iri biyu ne manya. Akwai waɗanda ake fafe gungumen icce guda, a shimfiɗa fatar sa a baki biyun, a kafe ta da ƙusoshi masu ƙaton kai. Waɗannan ba a sake ɗaure su, yadda aka ja fatar haka za ta zauna har ta mutu. Cikinsu akwai nagado, matsakaiciya mai kumburarren ciki kamar tulu, da hirado mai faɗi marar zurfi, da o-daiko, uwar ganguna. Itacen da aka fi so shi ne keyaki, mai tauri da kyawun zane, kuma sai an bar gungumen ya bushe shekaru kafin a gama aikinsa.

Iri na biyu su ne masu igiya. Shime ƙarama ce mai kaifin murya, ita ke riƙe lokaci. Okedo kuma da filayen katako ake harhaɗa jikinta, ba ta da nauyi, ana iya rataya ta a kafaɗa a yi ta rawa da ita.

Babbar gangar Kodo faɗin bakinta ya haura mita ɗaya, nauyinta da abin da ake ɗora ta kusan kilo 400. Ga wani abu da ya shafe mu: da itacen bubinga aka sassaƙa ta, wanda ke fitowa a dazuzzukan Afirka ta Tsakiya, irin su Kamaru da Gabon. Dalili kuwa keyaki mai irin wannan kauri ya yi wuya a Japan. Shi ma bubingan an sare shi ya yi yawa, har daga 2017 aka sa cinikinsa tsakanin ƙasashe ƙarƙashin sa ido na CITES, yarjejeniyar kare dabbobi da itatuwan da ke barazanar ƙarewa.

Su wa ke yin gangunan?

Gidajen sana'a ne na gado. Asano Taiko da ke lardin Ishikawa, wanda ya daɗe yana yi wa Kodo ganguna, yana ƙirga tarihinsa daga 1609. Miyamoto Unosuke a unguwar Asakusa ta Tokyo shi ma sananne ne.

Akwai ɓangaren tarihin da bai kamata a tsallake ba. A Japan ta da, masu fiɗa da jima da dukanci ana ɗaukar su marasa tsarki saboda suna taɓa gawar dabba, aka ware su a unguwanninsu, ba a auratayya da su. Zuriyarsu su ake kira burakumin. An soke wannan rarrabewa a doka a 1871, amma ƙyamar ta daɗe a zukatan mutane. Ganga tana shiga wurin bauta ana girmama ta, wanda ya yi ta kuwa ana gudunsa. A unguwar Naniwa ta Osaka, cibiyar aikin fata tun da daɗewa, matasa sun kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Ikari a 1987, don su ma 'ya'yan masu yin ganga a gan su suna buga ta da alfahari.

Taiko tana magana kamar kalangu?

A'a. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa, makaɗi yana matse tsirkiya a hammata yana fitar da take da kirari, mai kunne ya ji sunansa. Japananci bai dogara da karin sauti kamar haka ba, babbar taiko kuma muryarta ɗaya ce. Abin da makaɗi ke wasa da shi shi ne ƙarfi da taushi, sauri da jinkiri, tsakiyar fata da gefenta, da shirun da ke tsakanin bugu da bugu, wanda suke ba muhimmanci ƙwarai.

Sai dai Japanawa suna da 'yar ganga mai siririn ƙugu, kotsuzumi, da ake ɗorawa a kafaɗa a wasan noh, ana matse igiyarta murya ta canza. Ita ce ta fi kusa da kalangu da kotso.

Kuma da baki ake koyar da taiko. Malami zai ce "don doko don, ka ka": "don" bugu ne mai ƙarfi a tsakiya, "doko" biyu ne a jere, "ka" dukan katakon gefe, "su" kuma shiru. Sai ɗalibi ya iya rera kiɗan da bakinsa kafin a bar shi ya buga.

Yaya shekararsu take kasuwa?

Kashi uku suke raba ta: kashi ɗaya a ƙasashen waje, ɗaya a zagayen Japan, ɗaya a Sado ana atisaye da shirya sabon wasa. Rangadin waje tun 1984 suke kiransa One Earth Tour. Galibi yana faɗowa ne a farkon shekara, cikin hunturu, wata shekarar Arewacin Amurka, wata Turai. Ba dukansu ke tafiya tare ba. Yayin da babbar tawaga take waje, wata ƙarama tana iya zagaya makarantun Japan tana wasa a zauren motsa jiki, yara na zaune a ƙasa dab da ganguna, a ƙarshe a ba su sanda su gwada.

Yaya ranar wasa take a kan hanya?

Gangunan suna riga mutanen tafiya. Ana loda su a kwantena su bi jirgin ruwa makonni kafin a tashi, in sun sauka kuma babbar mota ce ke bin tawagar gari-gari. Makaɗan da kansu suke sauke kaya su jera, su kuma kwashe bayan an tashi, tare da ma'aikatan dandamali. Wanda ka gani yana dukan o-daiko da dare, da rana yana cikin masu turo ta.

Ɗaurin shime kaɗai aiki ne. Mutum biyu ne ke yi: a zura igiya ta ramukan fatar sama da ta ƙasa, ɗaya ya taka gangar da ƙafa ya ja da dukkan nauyinsa, ɗayan yana buga igiyar da guntun icce yana riƙe abin da aka samu kada ya kwance, a bi rami-rami har a zagayo, a sake zagayowa. Ana gamawa mutum ya jiƙe sharkaf tun ba a fara wasa ba. Bayan wasa kuma a sassauta ta don fatar ta huta.

Fata tana jin yanayi. A busasshen ɗaki mai na'urar ɗumama wuri takan ɗaure ta yi kaifi, a wuri mai laima ta saki ta yi nauyi. Kowane zaure kuma da yadda yake mayar da sauti, don haka sai an gwada, wani ya koma kujerun baya ya saurara, a matsa ganga gaba ko baya. Daga nan a ɗumama jiki, a yi wasan kusan awa biyu, a loda kaya cikin dare, gari na wayewa a kama hanya. Wanki, ciwon kafaɗa, abincin da ba a saba da shi ba, kewar iyali, duk suna cikin kayan tafiya.

Waɗanne wurare suka taɓa zuwa?

Bayan Berlin a 1981, sun yi wasa a bikin fasaha na Olamfik ɗin Los Angeles a 1984, da zauren Carnegie a New York, da tsohon dandalin dutse da ke gindin Akrofolis a Atina ta ƙasar Girka a 1995. A 2001 sun hau dandamalin bikin kyautar zaman lafiya ta Nobel a Oslo, su ne Japanawa na farko da suka yi hakan. Suna cikin waɗanda suka buga taken gasar cin kofin duniya ta 2002 da Japan da Koriya ta Kudu suka karɓi baƙunci. Daga 2012 zuwa 2016 shahararren ɗan wasan kabuki Bando Tamasaburo ya zama daraktan fasaharsu, ya kawo sauye-sauye a sutura da haske da salon motsi, wasu tsofaffin masoya suka yi murna, wasu suka ce an yi nisa da ƙauye. Funabashi Yuichiro ya karɓi jagorancin makaɗan a 2016.

Me ya sa mai buga babbar ganga yake fitowa da bante kawai?

Farin banten sunansa fundoshi, tsohuwar suturar maza ce, har yau ana ɗaura ta a wasu bukukuwa. A dandamali abin ya samo asali ne tun zamanin Ondekoza, lokacin wasanninsu a Paris a 1975, inda aka ce mai tsara tufafi Pierre Cardin ne ya ba da shawarar. Makaɗin yana juya wa 'yan kallo baya, fuskarsa na kallon fata, saboda haka bayansa ne ke nuna aikin da yake yi. Wannan a wasu kaɗe-kaɗe ne kawai. A sauran suna sa gajeriyar riga irin ta ma'aikata, da wando matsattse, da ɗan ƙyalle a goshi mai tare gumi. Mai kallo da iyali ya san da wannan kafin ya kunna.

Akwai mata a cikinsu?

Akwai, tun farko. Da can rawa da waƙa da sarewa aka fi ba su, manyan ganguna na maza. Kojima Chieko, wadda ta shigo tun zamanin Ondekoza, ta yi suna da wani kiɗa da ta gina kan salon tsibirin Hachijo, inda mata suka daɗe suna buga ganga: tana sanye da kimono, doguwar rigarsu ta gargajiya, tana haɗa taushin rawa da bugu mai ƙarfi. Fujimoto Yoko ta shahara a waƙa. Yanzu 'yan mata suna bin horo ɗaya da maza a Kakinoura, kuma suna buga kaɗe-kaɗen da a da ba a ba su.

Ƙungiyar addini ce?

Ba ita ba ce. Ƙungiyar fasaha ce mai sayar da tikiti. Gaskiya ne ganga tana da wuri a addinin Shinto da na Buddha, kuma wasu kaɗe-kaɗen daga bukukuwan wuraren bauta aka ɗauko su, amma abin da ake yi a dandamali wasa ne da aka tsara don 'yan kallo.

Kaɗe-kaɗen ƙauyukan da suke bugawa, da izini suke ɗauka?

Nan akwai magana. Ɗauki Yatai-bayashi. Asalinsa bikin dare ne na garin Chichibu a lardin Saitama, da ake yi 2 da 3 ga Disamba, inda ake jan manyan kekunan katako masu ado cikin gari. Makaɗan suna can ciki a ɓoye, wurin ya matse, don haka a zaune suke bugawa da ganga tsakanin ƙafafu. Ondekoza suka koyo shi suka fito da shi fili: mutum ya zauna, ya maƙale gangar da ƙafa, ya kwanta baya rabi ba tare da jingina ba, ya yi ta duka da ƙarfin cikinsa minti bayan minti, fuska a murtuke, har mai kallo ya ji nasa cikin yana ciwo. Abin kallo ne na gaske, amma mutanen Chichibu za su gaya maka ba haka nasu yake ba, an sauya sauri da lafazi.

Haka Miyake, daga tsibirin Miyake da ke kudu da Tokyo, inda ake kwantar da ganga ƙasa-ƙasa, makaɗi ya buɗe ƙafa ya sauka har cinyarsa ta kusa daidaita da ƙasa, yana bugawa ta gefe. Yau ƙungiyoyi a Amurka da Turai da Brazil suna buga Miyake, da yawansu daga Kodo suka gani, ba daga tsibirin ba.

A ganina abin da ya wanke Kodo shi ne ba su ɓoye inda suka ɗauko ba. Suna kiran kiɗan da sunan garinsa, suna komawa wurin malaman, suna gayyato su su koyar, suna bambanta na dandamali da na asali. Duk da haka tambayar wa ke cin moriya ba ta mutu ba, kuma daidai ne a ci gaba da yin ta, domin ƙauyen da ya riƙe kiɗa shekaru aru-aru yana da haƙƙi a kansa.

Mene ne Earth Celebration?

Bikin da suke shiryawa a Ogi kowace shekara tun 1988, galibi a watan Agusta, kwana uku. Bayan sun yi shekara suna zuwa garuruwan mutane, a nan su ne masu masauki. Suna gayyato makaɗan da suka haɗu da su a hanya su yi wasa tare a fili, ana kasuwa a bakin tashar jirgi, ana koyar da kiɗa da rawa, baƙi suna kwana a tanti a bakin teku saboda masaukan garin ba sa isa. Zakir Hussain, gwanin gangar tabla ta Indiya, ya taɓa zuwa. Kodo sun kuma yi wasa tare da Doudou N'Diaye Rose, babban makaɗin gangar sabar ta Senegal. A 2020, da annobar korona ta katse rangadinsu na Turai ta kuma hana taro, ta intanet aka yi bikin.

Da me suke rayuwa?

Da kuɗin tikiti mafi yawa, sai sayar da faifai da kayan kiɗa, da koyarwa, da gudummawar masoya. Kamfaninsu, Kitamaesen, wanda ya ɗauki sunan jiragen fataken da, shi ke kula da wasanni da albashi. Gidauniyar Al'adu ta Kodo, da aka kafa a 1997, ita ke riƙe da makarantar koyo da ayyukan al'umma. Dogaro da kuɗin tikiti ya sa shekarar korona da aka rufe zauruka ta yi musu tsanani ƙwarai, har suka fito suka nemi taimakon jama'a.

Wanda ba makaɗi ba zai iya zuwa ya gwada?

Zai iya. Kusa da ƙauyensu akwai cibiyar taiko ta Sado, wadda ake kira Tatakokan, an buɗe ta a 2007. A ciki akwai manyan ganguna biyu da 'yan Kodo suka fafe da hannunsu daga gungumen keyaki mai shekara kusan 600, kuma baƙo, yaro ko tsoho, yana iya yin rajista a ba shi sanda a koya masa na ɗan lokaci. Ƙauyen Kodo kansa wurin zama ne da aiki, ba a shiga haka kawai. Wanda Sado ta yi masa nisa kuma, jadawalin rangadinsu yana shafinsu na intanet, suna kuma sa bidiyon wasanninsu a YouTube. In za ka saurara, nemi lasifika mai kyau ko abin sawa a kunne, domin lasifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan muryar o-daiko.